Karen Baba da Kafaɗar Yayana

Yayana ya ɗauki karen mahaifinmu ya kai shi farauta, alhali ya san ƙugunsa ya lalace. Da karen ya kasa tashi sai ya bar shi a daji, ya dawo gida da nama a kafaɗa. Abin da ya yi mini ke nan. Mutane sun ce ai kare ne, in manta. Ga furfura ta cika mini gemu, ban manta ba.

A wani ɗan ƙauye muke, kusa da Balan. Baba manomi ne da damina, maharbi da rani. Ni an sa ni firamare a Gaya, ban kai ko'ina ba ciwon Baba ya dawo da ni gona, abin da na tsira da shi ke nan, wannan rubutu mai kama da tonon kaza. Karen ja ne, farin ƙirji, kunne guda a yage. Yana da suna, amma na bar wa kaina. Da Baba ya ji jiki ya ƙi, bai yi mini zancen gona ba, ya san Yaya zai kula da wannan har ya wuce yadda ake so. Karen ya duba ya ce, "Auta, tsohon nan ya gama aikinsa. Kada a bari ya wulaƙanta." Na ce to.

A markar da ta biyo bayan rasuwar Baba ciwon karen ya fito fili. Ruwa ya yi ta zuba ba ƙaƙƙautawa, ƙasa ta jiƙe har gindin rumbu. Da safe sai in ga karen ya dafa ƙafafun gaba, ya tsaya yana tunani kamar dattijo zai miƙe daga sallah, sannan ya jawo na baya ɗaya bayan ɗaya. Ba ya kuka. Sai dai ya lashi gwiwa, ya dube ni, ya kau da kai. Sanyin ƙashi ne, irin wanda ya cinye Baba, na gane shi tun daga tashin.

Da malamin dabbobi ya zo yi wa shanu allura a Gaya, na jira har Fulani suka watse, na matsa na tambaye shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ba wasa nake ba. Ya ce shi bai zo da allurar tsufa ba. Ya ce in raba shi da sanyin ƙasa, kada in bari ya yi ƙiba, ya taka kaɗan kullum amma ban da gudu, kuma ko da wasa kada in ba shi ƙwayar da mutane ke sha. Sauran ni na nemo wa kaina.

Na haƙa ɗan rami marar zurfi a bayan ɗakina, inda rufin ya ɗan zubo. Kullum da yamma, in matata ta sauke tuwo, sai in ɗora kasko a kan ragowar garwashi in zuba yashi, in yi ta juyawa kamar mai suyar gyaɗa. In ya yi ɗumin da bayan hannu zai iya jurewa, in juye a ramin, in shimfiɗa tsohon buhu. Karen da kansa yake zuwa. Ya kewaya, ya sauke ƙugun a hankali, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya da har yau ban ji irinta a bakin mutum ba. Sai in ɗebo man kaɗanya in murza masa cinyoyi da gadon baya. Da fari lashe man yake tas, har sai da na koyi cuɗa shi da garin ɓawon maɗaci. Ya lasa sau ɗaya, ya yi mini kallon da Baba yake yi wa mai magani. Kaskon abincinsa na ɗora a kan dutse don kada ya sunkuya. Da hantsi mu taka zuwa rijiya mu dawo, ni ina rage sauri, shi yana nuna kamar bai lura ba.

Abin da na fi tunawa shi ne barcinsa. In ɗumin ya shige shi, ya miƙe a gefe guda, sai ƙafafun nan da ba sa iya tsallake dokin ƙofa su kama gudu. Duka huɗun. Hanci yana motsi, yagaggen kunnen yana rawa, wani ɗan haushi yana fita can ƙasan maƙogwaro. A barci ba shi da ƙugu mai ciwo. Ni ma sai in jingina da bango, hayaƙin murhu yana tashi, tattabaru suna komawa, idona ya yi nauyi. Sai in ga gamba ta yi tsayi ta rufe mutum, Baba yana gaba da kwari a baya, ba ya ɗingishi, jan abu yana kutsawa cikin ciyawa yana ɓacewa yana fitowa. Ban san ko nawa mafarkin ba ne ko nasa na shiga. Sai matata ta taɓa ni ta ce an kira magariba.

Yaya yakan leƙo ta kan danga. "Malam likita, an fara duba marasa lafiya? Ashe bokon da aka yi bai tafi a banza ba." In akwai mutane sai ya ƙara, "Man da za a yi miya da shi ake shafa wa kare." Su yi dariya, ni in ci gaba da juya yashina.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, sanyi ya wuce da wuri, zafi ya shigo. Zafi abokin mai sanyin ƙashi ne. Karen ya warware har yakan ɗan yi sassarfa. Wata rana akuya ta sa kai a rumbu, ya tashi ya kore ta har bakin ƙofa, Yaya yana tsaye yana kallo. Ya ce, "To, ga shi ya warke." Na ce bai warke ba, yashi ne da rana, gobe da safe ka zo ka ga tashinsa. Bai zo ba. Abin da yake so hancin ne. A duk karnukan yankinmu babu mai bin sawun jini kamarsa, ga shi ana shirin farautar gayya, ta ƙauyuka da yawa, can dajin wajen Toranke.

Ranar na tafi kasuwar Gaya gyaran garma. Da na dawo na tarar da ramin babu kowa, buhun a naɗe. Matata ta ce Yaya ya zo da asuba bayan fitata, ya yi irin fiton Baba, karen ya tashi ya bi shi. Ta ce ta yi magana, ya ce ta shiga ɗaki, karen gado ne, shi ne babba.

Gab da magariba muka ji gangar maharba. Ba a jima ba Yaya ya iso da gada a kafaɗa, aka raba, ya shigo da cinyarta a hannu, yana fara'a. A al'adar farauta mai kare yana da kasonsa in karensa ne ya kama.

"Ga kason kare," in ji shi. "Ka ga aiki kuwa? An harbe ta ta gudu, duk karnuka suka rasa ta, shi ya bi ta har ya danne ta."

"Ina yake?"

"Yana tafe."

"Yaya, ina yake?"

Ya sosa ƙeya. "Ya kwanta a gindin wani itacen marke ya ƙi tashi. Na yi fito, na yi fito. In ya huta zai biyo sawu, kare ai ba ya ɓata."

"Ba ka ɗauko shi ba."

Ya yi dariya sosai. "In saɓo kare? In ratso garuruwan mutane da kare a wuya? Kai dai Auta."

Ina idar da asuba na kama hanya, da gora, da cinyar nan da matata ta gasa. Wani maharbi a Toranke ya kwatanta mini wurin. Dajin duk an ƙone shi, baƙi ƙirin, sai toka tana tashi a ƙafa. Ungulaye ne suka ƙarasa nuna mini. Suna zaune a kan marken, ba sa gaggawa.

Ba a gindin marken yake ba. Ya ja jiki da ƙafafun gaba zuwa wani kututture da wuta ta ci, ya tona tokar mai sauran ɗumi, ya sa ƙugunsa a ciki. Ya yi wa kansa abin da nake yi masa. Da ya gan ni wutsiyar ta buga toka. Na ba shi ruwa a tafin hannu ya sha. Na yago naman na ce, "Ga kasonka, tsoho." Ya shinshina, ya lasa, ya ɗora haɓa a kai.

Na saɓa shi a wuya yadda Fulani ke ɗaukar ɗan maraƙi, ƙafafun gaba a hannun dama, na baya a hagu. Bai kai nauyin da na zata ba.

Tafiyar nan har yau ban san yadda zan faɗe ta ba. Rana ta tsaya a tsakiyar kai, hanya tana rawa kamar ruwa. A ƙauyen farko masu saƙar zana suka tsaya da aiki, wani ya ce, "Malam, ragon layya ne?" Wani ya ce a ba ango hanya. Na ji su kamar daga cikin rijiya. A bakin wata rijiyar kuma wata tsohuwa ta zuba mana ruwa a sakaina, ta ce in mun gama in tafi da sakainar. Sannan ta ce, "Allah ya ba ka lada, ɗan nan." Numfashinsa yana dukan kunnena, zuciyarsa tana bugun ƙeyata. Na yi ta ba shi labari. Na ce yau zan sa yashin ya fi na kullum, na ce man ma ba zan sa maɗaci ba, ya lashe abinsa. Can sai na ga gonakin da aka girbe sun cika da gamba, kore shar a tsakiyar rani, ga Baba can gaba da kwarinsa, bai waiwayo ba. Na ji ƙafafun da ke hannuna sun motsa, duka huɗun, irin na barci. Na ce yi gudunka. Muka yi ta bin Baba.

Ban san inda ya cika ba. Na dai lura nauyin ya sake, kan ya riƙa bugun ƙirjina. Ban sauke shi ba. Na ce a gida za a binne shi, a raminsa.

Bayan la'asar na iso. Yaya yana ƙofar gida a kan tabarma da mutane, ana ta maimaita labarin gadar. Toka ta rufe ni, jinin gadar da ya bushe a bakin karen ya ɓata mini riga.

Yaya ya ce, "Subhanallahi. Mushe ka ratso gari da shi? Jefar da shi a bayan gari, ka yi wanka kafin ka shigo mana gida."

Na tsaya a gabansa, karen yana wuyana. Na ce, "Yaya, gadar da ka saɓo jiya, da bakinsa ya kama ta. Yawunsa yana wuyanta, ka ɗora ta a kafaɗa tun daga Toranke ba ka ji ƙyama ba, ka ci ka lashe hannu. To, ga shaidu. In na riga ka mutuwa, kada ka sa kafaɗa a makarata. Kafaɗarka ta ɗaukar nama ce."