Jifa Ɗaya Tsakanina da Ka'aba

Ina tsaka da wanke-wanke jiya bayan la'asar 'yata Hafsa ta kira daga Kano, tana ta ɗoki.

"Umma, yau malamin Turanci ya koya mana yadda Turawa ke cewa abu yana kusa sosai. Wai sai su ce nisan jifa ɗaya ne da dutse. Da ya nemi misali, na miƙe na ce haka gidan aikin Ummata yake da Ka'aba. Duk 'yan aji sai da suka juyo."

Ba ƙarya ta yi ba. A unguwar Misfala da ke Makka nake aikatau, ta tagar kicin ina hango dogon agogon Harami. Amma shekarata biyu a gidan nan, sau ɗaya aka taɓa kai ni. Tsohuwar da nake jinya ba a barinta ita kaɗai.

Can sai Hafsa ta yi ƙasa da murya. "Umma, jikin Babanmu ya ƙi daɗi, ko kunu ba ya iya sha. Don Allah ki je gaban Ka'aba ki roƙa masa."

Na ce to.

Na roƙi matar gidan ta ba ni ko awa ɗaya. Ta ce gobe in sha Allahu. Tun azumi nake jin wannan goben. A kicin na shimfiɗa sallaya, na sha kukana.

Da safen nan Hafsa ta turo saƙo: "Umma, kin je?"

Har yanzu ban amsa ba. Jama'a, me zan ce wa yarinyar nan?