Ragon Suna a Bayan Waya

Ana sallame sallar asuba muka bar Karantina, unguwarmu a Jidda, ni da ƙanwata da wani maƙwabcinmu mai motar ɗaukar kaya. A bayan motar rago ne fari tas, riyal ɗari huɗu na biya da hannuna. An yi wa Autana haihuwa a gonar kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, can hanyar Usfan inda yake kiwon barewa, ranar kuwa ita ce suna.

Muka tsaya Bani Malik muka sayi gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake, mai gurasar na ta yi mana yalla yalla, wai mu yi sauri, kamar mun zo roƙo. Daga nan sai kwalta da duwatsu baƙaƙe, sai raƙuma masu tsallaka titi ba sallama. Da muka sauka daga kwalta kuwa, ƙuguna ya san ya yi tafiya.

To jama'a, ku ji abin da na tarar. Shingen waya ce doguwa ta fi tsayin mutum biyu, ba ɗaya ba, layi biyu, da fili tsakaninsu. Auta ya ce hukuma ce ta ba da tallafin kafa ta, don kada dabbar daji ko akuyar makiyaya ta haɗa hanci da barewa, cuta ta tsallaka. A ƙofa aka sa ni tsoma takalmina cikin ruwan magani mai wari. Na haƙura. Sai mai gadi ya nuna ragona ya ce mamnu. Wai ba zai shiga ba.

Ni da na yi suna goma sha ɗaya, ban taɓa jin an tsare ragon suna a ƙofa ba! Raina ya ɓaci. Da suka shiga da kaya, na ja abina na zaga, na samu inda layin waje bai gama haɗuwa ba, na shigar da shi na ɗaure a inuwa jikin waya ta ciki. Barewa uku suka taho suna miƙo wuya. Har na ce masha Allah.

Sai ga Auta a guje, ba hula, ƙanwata na biye da shi.

“Inna, me na yi miki? Yau likitan hukuma zai zo duba wayar nan! In ya ga wannan an janye tallafi, ni kuma kafili ya buga mini huruj, a kwashe mu da jaririn a kai jirgi!”

“Ragon lafiyarsa ƙalau, ɗan nan.”

Ban rufe baki ba ragon ya yi tari. Ƙanwata ta kau da kai.

Auta ya kore barewa, ya sungumi rago ya fita da shi, ya dawo ya watsa magani a wurin, ya share sawu da tsintsiya. Ana gamawa ƙurar motar likita ta bayyana. Ya zaga, ya ga gurbin da na bi, ya ce a toshe kafin Juma'a, halas, wato shi ke nan.

A waje muka yanka ragon, ƙarƙashin wata ƙaya mai rowar inuwa. Nan aka raɗa suna, nan aka yi suya. Likitan ma ya ci.

Mun shigo Jidda ana kiran magariba, takalmina na warin magani har yau. Abin da na koya, tarin rago ɗaya ya isa ya raba ɗana da iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan. In an sake haihuwa, shinkafa zan kai.