Yadda Na Hana Baba Hawa Jirgin Sama

A shekarar da Turawa suka cusa kare a cikin wani ƙarfe suka harba shi sama, ni akawu ne a wani ofishin gwamnati a Kaduna, ina zaune a gidan mahaifina a Unguwar Sarki. Aikina buga takardu a tafireta, amma abin da aka fi sanina da shi baki ne. In na ga kaza a hanya, kafin in iso gida ta zama jimina. Kowa ya san halina, ba mai ɗaukar maganata ya kai ta ko'ina.

Baturen ofishinmu yakan zubar da tsofaffin jaridunsa, ni kuma in kwashe. A cikin wata na tarar da bayanin wani likita kan abin da zai sami mutum in aka aika shi inda aka aika karen. Ya ce can nesa ƙwarai abu ba ya da nauyi. Jinin da ya saba gangarawa ƙafa zai taru a ka, ƙwaƙwalwa ta kasa gane ina ne sama ina ne ƙasa. Likitoci kuma suna gardama, wasu sun ce mutum zai saba, wasu sun ce hankalinsa zai gushe. Iyakar abin da aka rubuta ke nan.

Bayan la'asar na kai labarin dakalin ƙofar gidanmu, na zuba masa gishiri. Na ce ƙwaƙwalwa takan taso tana iyo a cikin ƙoƙon kai kamar fura a nono. Na ce mutum zai nemi sunan garinsu ya rasa, in ya buɗe baki zai ce ruwa sai ya ji ya ce jaki. Wani tela maƙwabcinmu ya tambaya daga wane tsayi abin yake farawa, na ce da zarar an wuce ungulu. Aka yi dariya aka watse.

Baba yana gefe a kan buzunsa. Magini ne, ya doshi saba'in, kuma a shekarar ne zai tafi aikin hajji, har an rubuta sunansa cikin masu tashi ta jirgin sama daga Kano. Bai yi dariya ba, amma dama bai taɓa yi wa maganata dariya ba.

Bayan kwana uku ya dawo daga sallar asuba ya ce ya fasa jirgi, ta ƙasa zai bi. Hujjarsa ta magina ce. Ya ce shekara arba'in igiya mai dalma a baki take nuna masa inda ƙasa take, in aka cire wa dalmar nauyi igiyar ba ta san komai ba, kuma bai ga dalilin da zai sa kan mutum ya fi ta wayo ba. Ya ce gushewar hankali tana karya alwala. Abin da ya fi damunsa kuwa, in ajali ya same shi a can sama, yana so kalmar shahada ce za ta fito daga bakinsa.

To, Baba yana da tarin fuka, ƙafarsa ta hagu kuma takan kumbura in ya daɗe a zaune. Hanyar ƙasa watanni ce a bayan babbar mota, ta Borno, ta Chadi, ta Sudan, sannan a tsallaka teku. Mun san mutanen da suka bi ta da ƙarfinsu aka binne su a gefen hanya.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye. Ina karyawa a tsakar gida ta dubi turmi ta ce, "A gaya wa mai bakin nan ya je ya kwance abin da ya ƙulla."

Na je na tsuguna gaban Baba na ce ƙari na yi. Na ce jirgin alhazai ba ya kai ko kusa da inda karen ya je, zancen ungulu kuma daga cikina na fito da shi. Ya saurare ni har na gama.

"Tun kana rarrafe kake ƙarya ban tanka ba," in ji shi. "Rana ɗaya ka karanto abu a takarda ka faɗi gaskiya, yau kuma uwarka ta aiko ka ka janye."

Na ɗauko jaridar na fassara masa layi-layi, ban ƙara ko wasali ba, abin da ban taɓa yi ba a rayuwata. Da na zo inda wasu likitoci suka ce hankali zai gushe, ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Ya tambaya ko likitan ya faɗi daidai inda nauyi yake fara raguwa. Na duba sama da ƙasa, bai faɗa ba.

Sai na tuna da wani abokinsa mahauci a Abakpa wanda ya je hajji ta jirgi bara ya dawo garau. Na ɗauko shi a bayan kekena, ƙato ne, kafin mu iso tayar baya ta zama tabarma. Duk tsawon hanya ina koya masa abin da zai ce.

Ya fara da kyau. Ya yabi kujera, ya yabi shayi, ya ce ya yi barci ya farka ya ga Jidda. Baba ya bar shi ya ƙare, sannan ya yi masa tambaya ɗaya: akwai lokacin da ya ji jikinsa ba nauyi?

Alhajin ya cire hularsa yana jujjuya ta. Ashe ya yi alkawari a gaban Ka'aba ba zai sake ƙarya ba, ko a kan nama. Ya ce sau ɗaya ne, a saman hamada, jirgin ya zurma kamar guga ya kuɓuce a rijiya. Mazaunansa suka rabu da kujera, butarsa ta taso, hanjinsa ya zo maƙogwaro.

"Me ka ce a lokacin?" in ji Baba.

"Ina cikin Ƙulhuwallahu," in ji Alhaji, "sai na neme ta na rasa. Na ji bakina yana kiran Iya." Iyar nan ta shekara talatin a kabari.

Na yi maza na tambaye shi tsawon lokacin da abin ya ɗauka, ya ce bai fi ƙiftawar ido uku ba. Baba ya ce Mala'ikan mutuwa, ƙiftawa ɗaya ma ta ishe shi. Ya sa aka kawo wa baƙo goro, maganar jirgi ta mutu a nan.

Da za a tashi Baba ya dube ni ya ce tunda na ƙware a kan abin da ke sama, sai in zo in koyi na ƙasa, ni zan raka shi. Na nemi hutu a ofis, Bature ya ce wata ɗaya zai iya ba ni. Wata ɗaya ko Sudan ba zai kai mu ba, sai na buga takardar ajiye aiki da hannuna.

Mun tashi kafin azumi. Baba ya yi tari a kowace ƙasa da muka ratsa, sau biyu na goya shi daga mota zuwa inuwa, ƙafar ta yi kamar gangar mai. Amma ya tsaya a Arfa da hankalinsa cif, yana ma gyara mini karatu. Ta ƙasa muka komo, wata goma sha ɗaya da barinmu gida.

Na leƙa ofis na tarar da wani a kujerata yana buga tafireta da yatsa biyu. Baba ya ce ba komai, yana neman mai miƙa masa tubali. Shekara uku na yi ina miƙawa.