Wata Huɗu da Usur a Wuyana

Ina shekara ta uku a karatun digirin digirgir a Birmingham gwiwata ta hagu ta samu matsala. Wani ɗan baya ne ya shigo mini ta gefe a filinmu na Perry Barr, na ji abu ya yi ƙas, na zauna a kan ciyawa na kasa tashi. Likitan unguwa, GP, ya tura ni asibiti, asibiti suka sa ni a layi, layin kuwa a shekarun nan da gwamnati ke ta zaftare kasafi ba ya saurin motsawa. Aka ce in haƙura da ƙwallo tukuna.

Ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa ce da ke jami'o'in garin, muna buga gasar ɗalibai duk Asabar da hantsi. Ni ne mai lamba tara, kuma ba zan yi ƙarya ba, na iya. Magidanta ma sukan zo kallo da 'ya'yansu da fulas ɗin shayi, in na ci ƙwallo har hula ake jefawa sama.

Kocinmu wani dattijo ne, akanta a council, wato hukumar birnin, kowa Kawu yake ce masa. Ba ya ɗaga murya. Wata biyu bayan raunina aka haɗe sashensu da wani, aka ce aikinsa ya ƙare. Allah ya taimake shi ya samu wani a Manchester. Ranar da zai tafi ya kai buhun ƙwallaye da usur ɗinsa gidan wani likita a Balsall Heath, wanda shi ne uban ƙungiyar, ya ce mu zaɓi wanda muke so.

Mako uku aka yi ana musu. A waya ake farawa da safe, a ƙarasa ranar Lahadi a falon Likita, kwanon tuwo a tsakiya. Likita ni yake so.

“Ku dubi yaron nan,” in ji shi, yana nuna ni da cokali. “Duk cikinku akwai wanda ya san raga kamarsa? Wa zai ce musu su yi gudu su ƙi?”

Wani injiniya da ke zaune kusa da hita ya girgiza kai. “Likita, iyawa daban, koyarwa daban. Taurari nawa muka gani a talabijin an ba su kulob saboda suna, ko shekara ba su yi ba aka sallame su?”

“Wasu kuma sun ci kofi!”

“Waɗanda suka ci, sai da suka zauna a ƙarƙashin wani suka koya.”

Nan falo ya rabu biyu, kowa yana jawo misalinsa, har matar Likita ta leƙo ta ce in sun gama zaɓen shugaban ƙasa a miƙo mata kwanuka. Injiniya ya kawo sunan abokin zamana a gidan haya na Selly Oak, wani ɗan Gusau mai karatun haɗa magunguna, golanmu na biyu, wanda ya fi zama a benci kusa da Kawu. Aka yi dariya. Shi ma golan ya yi dariya, ya ce a rufa masa asiri. Da aka ɗaga hannu, ni na ci da rata. Na nuna kamar nauyi aka ɗora mini, amma a raina ina so. Na gaji da zama a ɗaki ina kallon ƙafata.

Yadda nake horarwa shi ne in nuna. Sai in ajiye sandar da nake dogarawa, in karɓi ƙwallo da ƙafar dama mai lafiya, in murza ta ta faɗa kusurwar raga, in juyo in ce, “Kun gani? Haka za ku yi.” Su gwada, ta tashi sama ta nufi bishiyoyi. In sake nunawa. Abin yana ba ni haushi ƙwarai, don a ganina babu abin da ya fi shi sauƙi.

Akwai wani sabon ɗalibi daga Zariya da Kawu ya sa a gefen hagu kafin ya tafi, mai gudu amma mai jin kunya. Wata Asabar muna atisaye kafin wasa ya ɓarar da ƙwallo shi da gola, sai na busa usur na tsayar da kowa.

“Malam, wai a ina ka koyi ƙwallo? A laburare?”

Aka kwashe da dariya. Ya sunkuya yana gyara igiyar takalmi. Mako na gaba bai zo ba, ya aiko cewa yana da deadline, aikin makaranta da lokacin miƙa shi ya matso. Wasu ma suka fara samun deadline. A lokacin council ta rufe ɗakin canza kaya na filin, muna sa jesi a cikin motoci ko a bayan shinge, sai na ɗora wa sanyi laifin raguwar mutane. Aka ci mu wasa uku a jere.

A wata na huɗu muka tafi Manchester wasan sada zumunci da ɗaliban can. Mun cika ƙaramar bas, Likita da Injiniya a gaba suna ci gaba da musunsu tun daga Bristol Road. Ana yayyafi muka isa. Kawu yana tsaye a bakin fili da lema, ya rame kaɗan, ya gaisa da kowa da sunansa, ya tambayi inda ɗan Zariya yake, na ce karatu ya riƙe shi.

Kafin hutun rabin lokaci an zura mana biyu, duk ta gefen hagu. Na tara 'yan wasa na yi ta magana a kan zuciya da kishi har muryata ta dushe. Aka koma aka ƙara mana ɗaya.

Bayan azahar Kawu ya ja mu flat ɗinsa, matarsa ta yi mana shinkafa da miyar kaza. Gidan bai kai rabin na Birmingham ba, har lokacin akwai kwalaye a lungu ba a buɗe ba. Ya kira ni kicin in taya shi haɗa shayi.

“Ɗana, in tambaye ka,” ya ce. “In aka ba ka ƙwallo ka juya wa raga baya, mutum yana manne da kai, yaya kake sanin ta inda za ka juya?”

Na kaɗa kai. “Wallahi Kawu ban sani ba. Jikina ne kawai yake juyawa.”

“To. Su kuma nasu jikin ba ya juyawa, sai an gaya musu.” Ya miƙo mini kofuna. “Ni ban taɓa cin ƙwallo a wasa na gaske ba, ko ɗaya. Duk abin da na sani sai da na yi ta tambaya ana yi mini dariya.”

Na jira ya ce in sauka. Bai ce ba. Ya tambaye ni gwiwa, ya ce in dinga matsa wa asibiti da waya, kada in yi zuciya da su.

A hanyar dawowa da la'asar na zauna kusa da golan. Shekara biyu muna raba kicin ɗaya, ban taɓa tambayarsa komai a kan ƙwallo ba. Na ce me ya gani yau.

Ya juyo ya kalle ni. “Yaya, ba za ka ji haushi ba?”

“Faɗi.”

“Wanda kake sawa baya a hagu, ƙafar dama yake amfani da ita. Duk ƙwallon da ta zo sai ya juyo da ita ciki, su kuma sun gane tun minti biyar. Da ɗan Zariya ne yake dawowa ya rufe masa. Tun da ya daina zuwa wurin yake buɗe.”

Wata huɗu ina tsaye a bakin fili ban ga wannan ba. Idona yana gaba, inda da ni zan tsaya.

Da muka dawo na shaida wa Likita na ajiye, golan ne zai karɓa. Bai ji daɗi ba. Ya ce ba a ba ni isasshen lokaci ba, a manyan kulob ma ana ba mutum kaka guda. Injiniya bai yi murna a fili ba, ya dai zuba mini nama a kwano. Musun bai mutu ba, sai ma ya samu sabon misali, ni ne kuma misalin kowane ɓangare.

Na je har ɗakin ɗan Zariya na ba shi haƙuri. Ya karɓe ni da mutunci, ya dafa mini shayi, ya ce ya wuce. Amma bai dawo ba. Ya riga ya shiga wata ƙungiya ta 'yan sashensu a jami'a, kuma na ji yana ci musu ƙwallaye. Wannan har yau yana damuna.

Asabar ta farko ta sabon koci na zo da wuri. Ya raba mutane gida uku, ya mayar da ɗan bayan nan dama, sannan ya zo wurina yana sosa ƙeya.

“Yaya, 'yan gaba biyun nan naka ne. Amma don Allah kada ka taɓa ƙwallo. Da baki za ka gaya musu.”

Na tsaya da su a bakin raga ina neman kalmomi. Na fi minti goma kafin in gano cewa kafaɗar mai tsarona nake ji a bayana, in ta danna dama sai in juya hagu. Na faɗa musu haka. Ɗayan ya gwada ya faɗi, ɗayan ya gwada ya wuce. Wasan ranar an tashi ɗaya da ɗaya, muka kwashe ƙwallaye muka tafi neman bas.