Mai Durƙuso a Motar Tukuyu

Matso kusa, samu wuri ka zauna, ka ji labarin wani saurayi a tashar motar Mbeya, can Tanzaniya.

Dogo ne, bai fi shekara sha shida ba, cikin burgujejen wando, yana takawa kamar mai tallan ƙwai. Kakarsa na kiransa Lusajo. Daga asibiti suke. An yi masa aiki a ƙarshen gadon baya, inda gashi ya shige fata ya yi rami mai ruwa. In ya zauna ɗinki zai farke, direba kuwa ba ya ɗaukar 'yan tsaye.

Ga shi nan durƙushe a kan kujerar motar zuwa garin Tukuyu, ya juyo baya, ido cikin ido da wasu 'yan mata masu kayan makarantar da yake zuwa.

"Fasto, yau wa'azi za a yi mana?" in ji kwandasta.

'Yan matan na ƙunshe dariya. Kaka za ta ce ciwon ƙafa ne, ya riga ta, ya dubi kwandasta.

"Yaya, a mazaunai aka yanka ni. Gaya wa direbanka ya kauce wa ramuka."

Kwandasta ya bubbuga rufi: "Maigida, a hankali!"

Kai fa, a shekarunsa, da bakinka ya iya faɗa?