Mai Gyambo a Bayan Danga

Ni mutum ne mai yawan fargaba tun ina ƙarami. Idan na yi addu'a sai na ga kamar na tsallake wani wuri, na sake daga farko. Kakata Saratu ta san halina. A ƙauyenmu, can bayan Malumfashi, da an gama cin tuwo sai ta tura kara a wuta, mu jikoki mu kewaye ta, tana gasa mana gyaɗa a toka.

Wata rana ta dube ni ta ce, "Matso nan, maigidana mai zuciyar kaza. Ga ta nan, amma yau babu Gizo a cikinta."

Ta ce an yi wani mutum mai gyambo a ƙafa, yana wari har ƙudaje na binsa. Aka ba shi labarin wani mai magani a hayin rafi. Shi wannan, idan ya hango majinyaci tafe, sai ya yanki hannunsa, ya tara jinin a ƙoƙo, ya jira. Duk wanda ya sha ya warke.

"Jinin jikinsa, Kaka?" in ji yayata Rahila.

"To da na jikinki?"

Mutumin ya kai bakin dangar gidan mai magani, sai kunya ta kama shi. Ya ce ba zai shiga gaban babban mutum da wannan wari ba. Ya koma rafi ya wanke ƙafar, ya dawo ya shinshina, ya sake komawa. Haka ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare, ya mutu a bayan dangar. Mai magani ya fito da ƙoƙo cike a hannu, ya tsaya a kansa yana kuka.

Muka yi ta jiran mutumin ya tashi. Kaka ta ci gaba da tonon gyaɗarta.

Na ce, "Sai me ya faru?"

"Sai aka binne shi. Ƙurunƙus."

Na ce, "Amma ai an riga an zubar da jinin."

"Abin da ya sa shi kuka ke nan. Me kake tsammani Fada yake ɗagawa a bagaden coci idan yana jan mu sujada?"

Yanzu ina aikin shara a filin jirgin saman Doha. Ran Lahadi muna aiki, Juma'a ce hutunmu, ranar nake shiga mota zuwa coci a Mesaimeer. Fadan cocin ya sha gaya mana cewa a ƙasar nan zuwan Juma'a ya wadatar a madadin Lahadi. Ni dai raina bai kwanta ba. Na kai masa maganar wajen furta zunubi har sai da ya ce, "Khalas, ya isa haka, Bitrus, kada ka ƙara kawo mini wannan." Duk da haka wata da watanni ban karɓi Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a gaban bagade. Kullum sai na ce wataƙila ban yi masa bayani sosai ba, bari sai mako mai zuwa.

Juma'ar da ta wuce Fada ya ɗaga ƙoƙon jinin Ubangiji, sai tatsuniyar Kaka ta faɗo mini a rai. Duk shekarun nan mai gyambo nake tausaya wa. Ban taɓa tunawa da wanda aka bari tsaye da yankakken hannu ba. Ashe abin da nake kira ladabi, barinsa tsaye nake yi.

Na tashi na shiga layin masu karɓar Jibi, zuciyata na ce mini ban shirya ba. Ban shirya ɗin ba kuwa. Na miƙa hannu.