Abin da Ba Bushta Ya Gani a Ƙarƙashin Ƙyalle

Shekara arba'in da ɗaya, da zarar an idar da sallar asuba, Ba Bushta, wato Baba Bushta a bakinmu, yakan sauka matakala biyar ɗin nan zuwa ramin tanderun unguwarmu da ke bayan ganuwar birnin Sala, ya hura wuta da garin katako, ya ɗora butar shayi a gefen garwashi, ya zauna jiran katakai. Kowace mace takan kwaɓa burodin gidanta, ta jera a katako, ta rufe da ƙyalle, ta ajiye a bakin ƙofa. Duk wanda ya zo wucewa, liman ne ko mai gyaran keke, ya san aikinsa ne ya sunkuya ya ɗauka ya kai. Ba Bushta bai iya rubuta sunansa ba, amma bai taɓa haɗa burodin wani gida da na wani ba. Ya san mai tsaga biyu da wuƙa, ya san mai danna yatsa uku, ya san wadda ta tashi da faɗan miji, don ranar kwaɓinta kan zo kamar an jibge shi da gayya.

Ba zan yi masa kwalliya don ya ajiye aiki ba: mutumin akwai faɗa. Idan aka miƙa masa katako, sai ya juya wa mutane baya, ya ɗaga ƙyallen ta ɓangarensa shi kaɗai, kamar mai ɓoye nama. Wanda ya leƙa ya sha masifa. Mun ɗauka hali ne na tsofaffi.

Shekara tara da suka wuce, malaman makaranta da wasu 'yan unguwa suka kafa ƙungiyar taimakon kai. Sun yi aiki, Allah ya saka musu. Sun gyara magudanar da ke cika mana gidaje da ruwa, sun buɗe wa mata ajin karatu, sun samo fulawa daga masu hali. Sai dai a layi ake rabon fulawar, a gaban ofis, ana ɗaukar hoto. Akwai kuwa mutanen da gara su kwana da yunwa da a gan su a wannan layi.

Lalla Zuhur tana cikinsu. Matar da a da duk Juma'a takan aika akushin kuskus masallaci, sai mijinta Si Allal magini ya faɗo daga bene, ya kwanta bai sake tashi da ƙafarsa ba, ga 'ya'ya huɗu. Burodinta shida ya koma huɗu, huɗu ya koma biyu. Ranar da ta kakkaɓe buhu babu ko ƙura, ba yunwar ce ta fi damunta ba. A lungunmu, ƙofar da aka wayi gari ba katako, kafin azahar kowa ya ji. Sai ta ɗauko kwanukan ƙasa biyu ta kife a kan katakon, ta rufe da ƙyalle, ta ajiye a waje. Abin da take roƙon Allah kawai shi ne tsohon ya maido mata shi a rufe yadda ya je, ya kama bakinsa.

Maƙwabciyarta ce ma ta ɗauka. Mata cike da bakin tanderu, Ba Bushta ya juya baya, ya ɗaga ƙyalle, ya sake shi nan take. Ya hau faɗa, wai kwaɓin bai tashi ba, wai matan yanzu gaggawa ta yi musu yawa, ya cusa katakon can saman kantar ajiya. Da azahar katakon ya koma gida da burodi shida masu zafi, kowanne da tsaga biyu irin tata. Fulawar gidansa ya kwaɓa.

Kashegari ya je wurin Si Mulud, malamin lissafi, shugaban ƙungiya, ya ce a riƙa kawo masa buhun fulawa biyu duk wata kuma kada a tambaye shi. Si Mulud mutumin kirki ne, ya yarda. Aka yi shekara ana haka, har masu ba da fulawar suka ce sai an kawo sunaye da hotunan masu ci. Si Mulud ya sauko ramin da littafi a hannu, yana lallashi.

"Ba Bushta, don girman Allah, suna kawai. Ko hoton ma a bar shi."

"Si Mulud, ka taɓa jin tanderu ya yi magana?"

"To za su yanke fulawar, wallahi."

"Su yanke. Matsa mini, kana tare haske."

Aka kuwa yanke. A lokacin gida bakwai ne ke aiko da katakon da ba komai, ko mai ɗan abin da ba zai kai yara dare ba. Sai tsohon nan ya kafa sabuwar doka: duk gidan da burodinsa ya wuce shida, a ƙara masa dunƙulen kwaɓi ɗaya, nasa. Bai ce na sadaka ba ne, don da ya faɗa, da an fara ƙirga ƙofofi ana neman na wa.

Unguwa ta ɗauka. Aka ce tsufa ya zo masa da kwaɗayi, aka ce sayarwa yake yi a kasuwa, aka sa masa suna Ba Dunƙule. Har da bakina a ciki, kuma yau ina jin kunyar haka ƙwarai. Wata goma sha ɗaya yana shan wannan suna, har Si Mulud, wanda shi kaɗai ya gane, ya samo wasu masu bayarwa da ba su damu da hoto ba.

Kai ne ka sayar da mutuncinka ka saya wa gida bakwai nasu, Ba Bushta. Mun zage ka muna cin burodinka, ka ji, ka ci gaba da tura itace. Na ramin wuta, mai rufa asirin lungu, ka yafe mana.

Juma'ar da ta wuce ƙungiya ta haɗa masa walimar sallama, don hayaƙi ya cinye masa ƙirji, likita ya ce ya isa. Ana cikin zuba shayi Lalla Zuhur ta miƙe, 'yarta ta fari da yanzu take aikin jinya tana riƙe da hannunta. Ta faɗi komai, har kwanukan, ta ce in za a rubuta labarin a sa sunanta. Matan da suka raɗa masa Ba Dunƙule suka sunkuyar da kai. Kowa ya juya yana jiran abin da zai ce.

Ya kurɓi shayi, ya yi tari, ya ce, "Lalla, tsufa ya fara taɓa ki. Ni dai kwaɓi na gani."

Ta yi dariya tana share hawaye, ta ce masa tsohon maƙaryaci. Sauran gidaje shidan kuwa, har yau babu wanda ya san su.

Mun gode, Ba Bushta. Allah ya sanyaya ƙirjin da ya sha mana hayaƙi, ya rufa maka asiri duniya da lahira. Ku kuma masu niyyar taimakon unguwanninku, ba ni da abin da zan ƙara muku a kan abin da ya faɗa wa Abdunnabi, wanda ya gaji tanderun. Mutumin ya zo da shirin jin sirrin wuta da na itace. Tsohon ya miƙa masa makulli, ya hau matakala uku, sannan ya waiwayo.

"Idan aka kawo katako," ya ce, "ka ɗaga ƙyallen ta ɓangarenka."